Wasiƙa ga Iyaye: Maganar 'Yan Aji Shida da Kuɗin Jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da masu riƙon yara, barkanmu da kaka. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu, wanda gonarsa ta gaza kuma Allah Ya mayar masa da alheri.

Maganar 'yan aji shida ce ta sa na rubuto tun kafin hutu. Cikin mako biyun nan iyaye uku sun same ni a ofis da magana iri ɗaya, wai jami'a ta fi ƙarfin talaka, don haka ba za su zuba kuɗi a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ba. Ɗaya ma har an fara maganar sa ranar 'yarsa, yarinyar da tun aji huɗu ba ta taɓa wuce ta uku ba. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye masa ba.

Tsada kam akwai ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 jami'o'i suka yi ta ƙara kuɗin rajista, har Jami'ar Bayero. A shekarar ne gwamnatin Kano ta rage rabin kuɗin manyan makarantunta, ta kuma biya wa dubban 'yan jiha da ke Bayero. An gode, amma irin wannan taimako kamar ruwan bazara yake, ba a shuka a kansa a koma gida a kwanta.

Abin da nake so ku fahimta da kyau shi ne bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda hukumar NELFUND ke bayarwa. Dokar farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2023 ta zo da sharuɗɗa masu wuya: sai an kawo masu tsaya wa yaro mutum biyu, sai kuma abin da gida ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. A watan Afrilun 2024 aka soke ta aka yi sabuwa, aka cire waɗannan sharuɗɗan, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Yawancin abin da nake ji kuna maimaitawa a majalisa labarin tsohuwar dokar ne. A yanzu kuɗin makaranta hukumar ke tura wa makarantar kai tsaye, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata ta abinci da sabulu. Masu tambaya ko da kuɗin ruwa a ciki, babu. Sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Kuma ba jami'a kaɗai ba ce, har kwalejin ilimi da foliteknik na gwamnati.

To amma bashin nan ba ya zuwa sai yaro ya riga ya sami gurbi. Kuɗin JAMB, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, katifa da bokiti da ɗan garin da zai tafi da shi, duk a wuyanku suke. Shi ya sa nake roƙo tun yanzu da riɗi da wake ke hannu, kafin a loda su zuwa Dawanau, a ware wani abu da sunan yaron. Mai akuya ya bar ɗaya a turke. In aka bari sai Janairu ta wuce, kun san yadda rumbu ke komawa.

Sai lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, wadda na gaji da maimaitawa. Ba a rajistar JAMB sai da ita, bashin ma sai da ita da lambar banki ta BVN. Bara wani dattijo ya zo mini da takardun ɗansa a ƙulle cikin baƙar leda, muka baje su a kan tebur: a NIN sunan mahaifi, a takardar firamare sunan kaka, a tamu kuma sunan ƙauye. Yaron ya ci jarrabawa sarai, amma wata huɗu suna sintiri a kan gyaran suna, da kuɗin da ya isa rajistar wani yaron. Malamin jarrabawarmu, Allah Ya saka masa da alheri, yana zama har bayan la'asar kowace Talata da Alhamis yana duba takardun yara ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke ba shi ko kwabo. Har yau akwai gidaje goma sha ɗaya da ba su turo nasu ba. Kun san kanku.

Kada kuma wani ya ruɗe ku a taɓa shekarun yaro. A 2024 an ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, wasu suka ruga suka ƙara wa 'ya'yansu shekaru, kafin shekarar ta ƙare sabon ministan ilimi ya dawo da ita 16. Yanzu su ne da takardu biyu masu karo da juna. Duk abin da kuka ji a rediyo ko Facebook, ku zo ku tambaya kafin ku taɓa takarda. Mataimakiyata mai kula da 'yan mata a shirye take ta shiga gida ta yi wa iyaye mata bayani, a sanar da ita kawai.

Taron iyaye da malamai yana nan ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutu, ƙarfe goma na safe. Uba ya zo da kansa, kada a aiko mana yayan yaro.

Lattin ɗalibai ya yi yawa ranar kasuwa. Masu sakin dabbobi a filin makaranta, mai unguwa ya riga ya ji. Mun gode wa matasan da suka gyara famfon burtsatse.

Wassalam.

Shugaban Makaranta