Wasiƙa zuwa ga Inna, a daren kabewa

Kolombus, jihar Ohayo
31 ga Oktoba

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Baba da Yaya da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara shigowa, ganyen bishiyoyi ya koma ja da ruwan ɗorawa yana ta zuba.

Yanzu ƙarfe tara ta wuce, yara sun yi barci, na ce bari in rubuto miki tun abin yana raina. Yau ne ranar da mutanen nan suke kira Halowin. Abin da ya fi kama da shi a wajenmu shi ne tashe, sai dai nasu dare ɗaya ne, kuma babu ruwansa da azumi. Daga ƙarfe 6 zuwa 8 yara suna shigar ban tsoro ko ta ban dariya, suna bi gida-gida ana ba su alewa. Gidan da ya kunna fitilar ƙofa yana maraba da su, wanda ya kashe sai a wuce shi ba gardama.

Shekarun baya kashe tamu muke yi, kamar yadda Musulmi da yawa suke yi a nan, kuma ban ga laifinsu ba. Asalin abin daga Ayalan ne da Sikotilan, inda mutanen dā suka ɗauka cewa idan kaka ta ƙare ruhohi suna yawo da dare. Can wata saiwa mai tauri suke fafewa su sa wuta a ciki. Da yunwar da ta fara a 1845 ta koro 'yan Ayalan zuwa Amurka, sai suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin yanka. Maƙwabtanmu dai ba wanda ya ɗauke shi ibada. Bara na tarar da angonki a bakin taga cikin duhu yana kallon 'yan ajinsu suna wucewa, bai ce komai ba, kuma shirun nan nasa ya daɗe yana damuna. Bana muka zauna da babansu muka yi shawara: za mu kunna fitila, amma mu za mu zaɓi abin da zai tsaya a ƙofar gidanmu.

Inna, da kin ga farfajiyar wasu gidajen da kin yi salati. Kaburburan kwali a jere, ƙwarangwal na roba wanda ya fi katanga tsawo, da farin zane a rataye a bishiya, wai fatalwa. Kishiyarki ta ɗauko farin zanen gado tana so mu yi irinsa, na karɓe. Na ce mata farin ƙyalle a wajenmu likkafani ne, da shi aka rufe kakanta, kuma ba a wasa da kabari. Ta yi shiru, can ta ce to mu me muke da shi na ban tsoro? Na ce muna da Dodo.

Nan aiki ya tashi. Muka share busasshen ganye muka cusa a tsohon kaftanin babansu da wando, muka kafa shi a kan sanda kamar mutum-mutumin gonar gero, aka yi masa gashi buzu-buzu da igiyar buhu. Muka cika baƙar leda da jarida, muka yi mata ƙafafu takwas da rassan itace, muka saƙa yana da farin zare daga baranda zuwa shinge. Wannan shi ne Gizo. Auta ya dage sai an yi masa matarsa, don haka akwai Ƙoƙi ma a gefe, da ɗankwalina a kanta.

Kabewar kuwa a Sakulbil muka saya, wani ƙaramin gari a kudu da mu, tafiyar kamar minti 40 a mota. Tun 1903 suke bikin kabewa duk Oktoba. Na ga wadda ta haura kilo 500, sai da injin ɗaga kaya aka ɗora ta a ma'auni. Mun ɗauko uku madaidaita. Ana yanke saman ne a karkace don murfin kada ya faɗa ciki, a kwashe 'ya'yan da zaren da ludayi, a kankare cikin har ya yi sirara, sannan a zana fuska a bi ta da ƙaramin zarto. Da na zura hannu cikin sanyin nan mai yauƙi, sai ga ni a tsakar gida ina kallonki kina fafe duma. Na bar yara suka yi tasu mai haƙora, ni kuma na yi wa tawa irin zanen da ke bakin ƙwaryar furarki. Da aka sa 'yar fitilar batir a ciki, zanen ya fito a bango gaba ɗaya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta daɗe a tsaye tana tambayar ma'anarsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin kabewar nan a shara take ƙarewa. Ta sassaƙa ruwa ne da zare, ba ta da garɗin tamu, kuma ba ta cika mako ba ta fara ruɓewa, idan kurege bai riga ya cinye fuskar ba. Na soya 'ya'yan da gishiri, na kuma sayi ƙaramar ta girki na yi miyar taushe da alayyafo da gyaɗa. Yakuwa ce kawai ban samu ba. Alewar da suka samo ma sai da na zauna na karanta takardarta ɗaya bayan ɗaya, na ware masu sinadarin da ake samu daga alade.

Da aka watse, suka zauna a gaban kabewar suka ce sai na ba su labarin Gizo. Na ce ga ta nan ga ta nanku, na koya musu su ce ta zo mu ji ta. Na kama wadda Dodo ya haɗiye mutanen gari, na kai tsakiya, sai ƙarshen ya ɓace mini, waƙar ma rabinta na tuna. Angonki ya ce a tambayi Inna.

Don Allah idan Yaya ta zo ranar Juma'a, ki sa ta ɗauki muryarki a WhatsApp, ki yi musu ita tun daga farko har ƙurunƙus, da tsamin bakin Gizo yadda kike yi mana. Ki yi da dare, na gaya musu ba a tatsuniya da rana. Idan an samu mai tahowa kuma, a aiko mini da busasshiyar yakuwa da daddawa.

A gaishe da Baba, a ce ya ci gaba da sa mu a addu'a.

'Yarki