Fitilun Titi Masu Ci Da Rana Tsaka

Ya Edita,

Mutane da yawa suna zaton wani ma'aikaci ne ke bi yana kunna fitilun titi ɗaya bayan ɗaya, alhali jerin fitilu yakan haɗu ne a akwati guda, inda wata 'yar na'ura mai gane haske ke sakin wuta idan duhu ya shigo, ta kuma yanke da wayewar gari. Wasu akwatunan agogo ne a ciki, wanda ake saitawa da lokacin faɗuwar rana.

Sai dai da zarar ƙura ta rufe idon na'urar, ko reshen bishiya ya yi mata inuwa, sai ta ɗauka dare ne. Na sha ganin fitilu jere suna ci da rana tsaka, abin da goge idon nan da tsumma kawai zai magance.

Naku,
Wani mai karatu