Kada Sunan Rafin Jakara Ya Ɓace a Ƙarƙashin Kwalta

Ya Edita,

Ina jan hankali kan titin Wuju-Wuju da ya binne rafin Jakara a birnin Kano, har sunan rafin na neman ɓacewa.

Kurmin da ke bakin wannan ruwa ne ya ba Kasuwar Kurmi suna, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Rafin yana gangarawa arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi mai kwaso dagwalon masana'antun Bompai, ya zuba a madatsar Wasai ta Minjibir, inda manoman rani ke ban-ruwa.

Wanda bai san rafi ke ƙarƙashinsa ba, shara zai cusa a magudana, ta toshe, damina ta kawo ambaliya. Ya kamata gwamnati ta kafa alluna masu sunan Jakara a kowace mahaɗa, a kuma riƙa yashe rafin kafin watan Yuni.

Naka,
Mai karatu daga Kano