Masu ɗora murya: ku canza aikin wuya, amma kada ku taɓa awo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan abin da dattawa da yawa za su kira shirmen yara. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata goma sha shida a kan keke, kuma ina da yara biyu a shago da nake koya wa aiki. Maganata a kan katun ɗin Japan ce, wanda samari ke kira anime, da musun da ya ƙi ƙarewa tsakanin masu kallonsa da muryar Japananci da masu kallon wanda aka ɗora wa murya da wani harshe.

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah muna aikin dare, shadda ta taru a kan benci har ba wurin zama, janareto na ta ruri a bakin ƙofa. Ƙaramin yarona ya jingina wayarsa da gwangwanin maɓallai yana saka botin, yana kallon Dragon Ball Z mai muryar Turanci. Aka zo wurin da kowane mai kallon wannan katun ya sani: Goku, jarumin labarin, ya dawo daga horo ya tarar an kashe abokansa huɗu, ransa ya ɓaci, ƙasa ta ɗauki girgiza. Nappa, ɗaya daga cikin maharan, ya tambayi maigidansa Bejita nawa na'urar auna ƙarfi ta nuna a kan Goku. Bejita ya cire ta daga ido, ya murƙushe ta a tafin hannu, ya daka tsawa cewa ƙarfin ya wuce 9,000. Yaron ya yi tsalle ya maimaita tsawar har allura ta faɗi. Babban, wanda ke guga a ɓangare guda, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ƙarya ce, 8,000 ne. Kai dai jabu kake kallo."

Kafin in gama ɗinke hannun kaftani ɗaya, magana ta kai ga "kai ɗan boko ne mai raina mutane" da "kai kuma ba ka iya karatu ba". Wannan ta ƙarshen ce ta sa na taka birki, domin ƙaramin daga makarantar allo ya zo mini, yana jin Turanci da kunne daidai gwargwado amma rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan allo ya fi shi gudu, kuma na ga yadda fuskarsa ta canza. Na ce su ajiye aiki, a miƙo mini allin yanka.

A kan wani ƙyallen baƙin yadi muka yi lissafin. Babban yana da gaskiya a kan lambar. A littafin zane na Akira Toriyama, wanda ya fara fitowa a 1984, da kuma katun ɗin Japananci da aka fara nunawa a 1989, abin da Bejita ya ce shi ne ya wuce 8,000. Masu ɗora muryar Turanci na farko ne suka mayar da shi 9,000. Ƙaramin ya ce to mene ne a cikin dubu ɗaya, ai duk ƙarfi ne. Na ce masa mu bi a hankali. Goku yana da wata dabara da malaminsa ya koya masa, Kaioken, wadda ke ninka ƙarfi, amma da gargaɗin kada ya wuce ninki biyu don jiki ba zai ɗauka ba. Ƙarfin Bejita a lokacin 18,000 ne, labarin da kansa ya faɗi haka daga baya. Na rubuta 8,000 sau biyu, ya ba da 16,000. Bai kai ba. Shi ya sa da Goku ya ninka biyu Bejita ya ci gaba da jibgarsa, shi ya sa dole ya karya umarnin malaminsa ya tafi ninki uku, 24,000, daga baya har huɗu, ya ƙare da jikin da ko dafa shi aka yi sai ya yi ihu. Sai na rubuta 9,000 sau biyu a ƙasa. 18,000 cif, kuma an ce ya ma wuce. Ke nan da ninki biyu kaɗai ya kamo Bejita har ya ɗara. To me ya kai shi saɓa wa malami? Me ya sa ya sayar da lafiyarsa? Lamba ɗaya aka canza, amma ta mayar da sadaukarwa ganganci.

Ƙaramin ya daɗe yana kallon ƙyallen. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Sannan ya ce, "Oga, to ashe cutata aka yi." Wannan kalmar ce ta sa na ɗauki biro.

Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi ya san bambancin ado da awo. Kwastoma zai kawo hoton riga a waya ya ce irin wannan yake so. Ina iya canza masa aikin wuya, in sa zare ruwan ƙasa inda hoton ke da ruwan toka, in sauya fasalin aljihu, kuma ya karɓa da murna, wani lokaci ma ya ce ta fi ta hoton. Amma in na rage inci ɗaya a kafaɗa, rigar ta tashi daga aiki, komai kyan surfanin da ke ƙirjinta. Irin waɗannan labaran na Japan a kan awo aka gina su. Marubucin yana kafa doka tun farko, ya ce ƙarfi kaza yana da iyaka kaza, kuma kuɗinsa kaza ne, sannan ya bar jaruminsa ya nemi mafita a cikin wannan ƙunci. Daɗin kallon ke nan gaba ɗaya. Yaran da ake gani suna musu a majalisa kan wa zai doke wa, hujja suke kafawa da dokokin da aka ba su, kamar yadda 'yan kallon dambe ba za su yarda an yi kisa ba sai sun ga hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa.

Kuma wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun muna yara muke jin cewa kowane asiri da makarinsa, kowane magani da sharaɗinsa, wanda ya karya sharaɗi kuma abin ya juyo kansa. Ba ina kiran kowa ga yarda da tsafi ba ne, ina magana ne a kan yadda ake gina labari. A wani katun ɗin, Hunter x Hunter, akwai wani yaro, Kurapika, da aka hallaka danginsa. Ya ƙera sarƙar da ba mai iya tsinkewa, amma da alkawarin cewa a kan gungun da suka yi kisan kaɗai zai ɗaure ta, in ya ɗaure wani da ita to ransa ne fansa. Tsananin sharaɗin shi ne ƙarfin sarƙar. Kakata da ta yi mana tatsuniya a tsakar gida za ta gane wannan ba tare da an yi mata bayani ba. Yanzu a ce mai fassara ya ga jimlar ta yi tsawo, ya datse sharaɗin don magana ta yi daidai da motsin baki. Me ya rage?

An ma yi wanda ya fi haka. A waccan fassarar Turanci ta farko ta Dragon Ball Z, da yake don yaran Amurka aka shirya ta, an guji ambaton mutuwa, sai a ce an tura mutum wata duniyar daban. Alhali mutuwa ce ginshiƙin labarin a wannan gaɓa. Ƙwallaye bakwai da ake tarawa a roƙi buƙata suna da doka: ba sa dawo da mamacin da suka taɓa dawowa da shi sau ɗaya. Kuma mutuwar Pikolo, ɗaya daga cikin waɗancan huɗun da aka kashe, ta tafi da wanda ya yi ƙwallayen, suka daina aiki, wanda shi ne dalilin doguwar tafiyar da aka yi zuwa duniyar Namek don neman wasu ƙwallayen. In ba wanda ya mutu, kukan me ake yi, tafiyar me ake yi? Haka aka yi wa wani katun ɗin, One Piece, a 2004, aka mayar da sigarin bakin mai dafa abincin jirgi alewar tsinke, wannan da sauƙi, amma aka kuma cire labarin wani ƙaton kifi da ke jiran masu jirgin da suka yi masa alkawarin dawowa, ba a san cewa shekaru a gaba marubucin zai ɗaure wani babban labari a jikin wannan alkawari ba.

To amma ban bar babban yarona ya tafi da kambu ba, kuma nan ne nake so samari masu taƙama da asali su saurare ni. Na tambaye shi Japananci nawa ya iya. Kalma biyar ko shida, irin na gaisuwa da godiya. Ashe abin da yake kira asali, kunnensa ne kawai ke jin asali, idonsa kuwa fassarar Turanci yake karantawa a ƙasan allo, wadda wani mutum ya zauna ya rubuta, ya taƙaita, ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. Shi ma a hannun tafinta yake. Bambancinsa da ƙaramin shi ne tafintansa ya fi riƙon amana a wannan karon, ba wai shi ya tsallake tafinta ba.

Sannan wa rubutun ƙasan allo yake yi wa amfani? Ni ba ya yi mini. Idona a kan allura yake, in na ɗaga shi na daƙiƙa biyu layi ya karkace ko yatsa ya shiga. Da kunne nake kallo, in za a yarda da wannan magana. Haka mai aski, haka mai gyaran waya, haka uwar gida da ke tuƙa tuwo. Ku zagaya shagunan teloli daga Sabon Gari zuwa cikin birni ku ji abin da ke tashi: fim ɗin Indiya ne da muryar Hausa. Iyayenmu sun yi shekaru suna kallon Indiya a silima ba fassara, suna cinkar labari daga fuska da waƙa. Ranar da aka fara ɗora Hausa a kai, tsohuwa da jikanta suka zauna tabarma ɗaya suna bin zance tiryan-tiryan. Wanda ya ce ɗora murya ɓata fim ne, bai yi tunanin waɗannan mutane ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tabbata Hausa za ta iya ɗaukar abin da Turanci ya zubar. A Japananci Goku ba ya magana kamar jarumin birni. Maganar ɗan ƙauye yake yi, wanda ya tashi shi kaɗai a tsauni, bai san ladabin fada ba, kowa abokin wasansa ne. Kuma mace ce ke yin muryarsa tun 1986, Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936, shi ya sa ko da ya girma ya haifi 'ya'ya akwai yarinta a muryarsa. Turanci ya ba shi muryar barde mai wa'azin ceton duniya, ya zama wani mutum daban. Mu kuwa muna da bakin ƙauye da bakin birni, kowane Bahaushe yana jin bambancin tun kalmar farko. Firiza, azzalumin da ya yi alfahari da ƙarfi 530,000 a labarin da manomi ke da 5, da ladabi mai sanyi yake magana, yana girmama yaransa da baki a daidai lokacin da yake shirin kashe mutum. Ka ba shi Hausar "ranka ya daɗe" da "Malam wane, bismillah matso kusa", ka ji yadda tsikar jiki za ta tashi. Muna da yaya, muna da malam, muna da maigida, muna da "ku" ta girmamawa. Duk matakan da almajiri ke bi wajen kiran na gaba da shi, akwai su a bakinmu.

Don haka kirana ga masu sana'ar ɗora murya a Kano da Kaduna da Jos da duk inda suke: in kun juyo kan katun ɗin Japan, kuma na san za ku juyo don kasuwarsa na hannun yaranmu, ku saka barkwancinku, ku saka karin magana, ku yi wa mugu kirari in kun ga dama, wannan duk aikin wuya ne kuma kun iya shi. Amma lamba, da sharaɗi, da iyakar ƙarfi, da wanda ya mutu da dalilin mutuwarsa, ku bar su yadda mai labari ya auna. Kada ku fara fassara kashi na goma ba ku kalli na ɗari ba, domin abin da kuka raina yau shi ne ginshiƙi gobe. Ku nemi yaran da suka haddace labarin su zauna kusa da ku, suna nan a kowace unguwa kuma za su yi murna. In kun tarar da abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu, don ba kowane katun ne na yara ba, wannan iyaye su ma su sani, ku yanke shi ku faɗa a fili cewa an yanke, kada ku ƙirƙiro wani labari ku liƙa a gurbinsa. Kuma ku nemi izinin masu abin ta hanyar da ta dace, don aikinku ya fita da sunanku ku ci moriyarsa.

A daren nan ba mu tashi ba sai wajen ƙarfe uku. Na sa babban ya kunna na Japanancin, ya riƙa karanta rubutun yana mayar wa ƙaramin da Hausa yayin da hannunsa ke kan dutsen guga. Da aka zo wurin ninki uku, sai ya sa wa Goku muryar mutanen garinsu ya ce, "Jikina, ka yi haƙuri ka riƙe ni." Ƙaramin ya bar botin ya juyo gaba ɗaya. Ƙyallen lissafin yana nan na soke shi da fil a jikin bango, saman kalandar shago.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani tela,
Tudun Wada, Zariya.