Hannun Baba da takardar koken da muke rubutawa

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali? Na san ka yi fushi, saƙonka uku ban amsa ko ɗaya ba. Bari in fara da abin da ya sha mini kai.

Rawar hannun nan ta Baba da muka ɗauka tsufa ne, likitan ƙwaƙwalwa ya ce cutar Parkinson ce. Ka tuna rubutunsa da kake cewa kamar na inji? Yanzu yakan fara layi da manyan baƙaƙe, kafin ya kai ƙarshe sun koma kamar tururuwa. In yana zaune, babban yatsansa na ta murza manuni kamar mai jan carbi, alhali babu komai a hannun. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bakin ƙofa. Zai shiga ɗaki, ƙafa ta kafe, sai na ƙirga masa ɗaya, biyu, uku sannan ta ɗagu. Fuskarsa ma ta daina sakewa, har jikoki na zaton fushi yake da su.

Likita ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa sannu a hankali. Ya ɗora shi kan levodopa, kuma alhamdulillahi da safe da kansa yake ɓalla maɓallin rigarsa. Sai dai maganin nan tun ƙarshen shekarun 1960 ake ba da shi, alamu kawai yake lafarwa, ba ya tsayar da ciwon. Tun 1817 James Parkinson ya bayyana cutar a Landan, har yau babu maganin warkewa. Wannan ne ya hana ni barci.

Shi ya sa na shiga ƙungiyar masu ciwon da masu jinyarsu. Takardar koke muke rubuta wa 'yan majalisa, a ware wa binciken cutar kasonsa a kasafin kuɗi. Wani ya ce mana mu jira, akwai cututtukan da ke kashe yara. Gaskiyarsa, kuma ba mu ce a rage musu komai ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum sama da miliyan 8.5 ke fama da ita, yawanta kuma ya ninka cikin shekara 25. Binciken da zai ci shekaru babu riba a kusa, ɗan kasuwa ba ya jure shi. Aikin gwamnati ne.

Af, na ga hotonka, furfura ta kama gemu! Kai da ka rantse tsufa ba zai gan ka ba. Autarmu kuma ta kammala karatu, tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana bin ka alkawari.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne abin da ya faru a Amurka. A 1999 ɗan wasan fim ɗin nan Michael J. Fox, wanda shi ma ke fama da cutar, ya je gaban kwamitin Majalisar Dattawa bai sha maganinsa ba, don su ga ciwon yadda yake. A 2002 ya koma tare da ɗan damben nan Muhammad Ali, shi ma mai ciwon. Sai a 2024 aka sa hannu kan dokar da ta tilasta tsara shirin ƙasa na yaƙi da cutar. Da na ba Baba labarin, ya ce ranar 11 ga Afrilu, ranar cutar ta duniya, da ƙafarsa zai kai takardar. Na so in hana shi saboda gajiya, ya ɗaga hannun ya nuna mini, sai na yi shiru.

Zan turo maka takardar gobe in Allah ya kai mu. Alƙalaminka ya fi nawa kaifi, ka gyara sakin layi na biyu, sannan ka sa hannu. Ka kuma kira Baba, da safe ya fi, bayan ya sha magani. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, in ya tsaya a tsakiyar magana kada ka ƙarasa masa, ka jira shi.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
abokinka