Zuwa ga Auta, a kan kishiyata

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun isa Kaduna lafiya, ki gaida min maigidanki. Tun da motarku ta bar ƙofar gida ranar Lahadi barci ya ƙaurace min, kuma ba ciwon gwiwar nan ba ne. Maganar kishiyata ce, 'yar nan taki.

Kwana 12 yarinyar nan ta yi a ɗakina, ban ji ta ƙyalƙyale da dariya ba ko sau ɗaya. Ranar sunan maƙwabta yara na ta gaɗa a tsakar gida, ita kuwa tana raɓe a bayan randa tana murza bakin hijabi, da na kamo hannunta tafin sharkaf da gumi. Da dare ina yi mata kitso, na tsokane ta na ce wannan kyau haka ai sai ta ƙwace min miji. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya, ni ai mummuna ce, kuma ba na iya komai. Kowa ya sani." Shekara 9, Auta! A bakin wa ta ji?

Ba sai kin amsa ba. Da kunnena na ji kin ce mata sakarya har sau uku a gaban baƙi, don kawai gaisuwarta ba ta fito da ƙarfi ba.

Kin ce kunya ce. Ni da na tsufa a aikin jinya na san kunya. Mai kunya takan sunkuyar da kai a gaban manya, tana fita ta shiga 'yar carafke da ƙawayenta. Taki kuwa, ke kika gaya min duk safiyar makaranta sai ta yi ciwon ciki, ranar Asabar garau. Tsoron shiga mutane ke nan, kuma sau da yawa ciwon damuwa a bayansa yake tafe. Masu bincike a Amurka sukan sa wa yara hula mai wayoyi da ke ɗaukar motsin ƙwaƙwalwa, su riƙa nuna musu kalmomi, "mai kirki", "wawa", suna tambaya ko haka suke. Yaran da damuwa ta fara taɓawa, munanan kalmomin ne suka fi zaburar da ƙwaƙwalwarsu, su ne kuma suka fi tunawa daga baya. Yabo sai ya zurare kamar ruwa a kwando. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa.

Haka Yayanku ya fara. Muka ce miskilanci ne, daga baya muka ce iska, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, sai da ya rufe kansa a ɗaki wata huɗu sannan muka nemi likita. Kin san sauran. Da na ga yarinyar nan a bayan randa, wallahi shi na gani, har yadda take kafe ido a ƙasa. Ba zan iya ganin wannan sau biyu ba.

Za ki ce a bakina kika koyi zagin. Ban musa ba. Ku bakwai, albashi ɗaya, ga aikin dare, kuma mu haka aka rene mu, babu wanda ya taɓa ce mana magana tana zama a kan yaro. Ke kuwa da digirinki da waya a hannu, wane uzuri gare ki? Sai gwada ta da ƙanwarta kike yi, kamar kin haife su don gasa.

Na yi zafi, ki yi haƙuri. Na san kina son ta, na ga yadda kike tashi cikin dare ki gyara mata mayafi. Ki daina kiran ta sakarya. Kada ki tura ta gaban taro da ƙarfi, kada kuma ki ɓoye ta. Ki gayyato mata ƙawa ɗaya gida tukuna. Idan hutu ya ƙare ciwon cikin bai bari ba, ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ba nisa da ku. Kada maigidanki ya ce za a ce 'yarsa ta haukace, ki haɗa ni da shi. Addu'a kuma ina nan ina yi.

Ga dambun nama na bai wa direba, nata ne ita kaɗai. Ki ce ta kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, kitson namu bai ƙare ba.

Mahaifiyarki.