Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na 2025: masu kwanan kasuwa, 'yan gudun hijira da maganar katin zaɓe

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, yayye da ƙanne, 'yan ƙungiya na nan Marwa da ku da kuke Garwa da Ngaundare da Duwala kuna aiko da naku ta waya, ga rahoton abin da muka yi a 2025 kamar yadda kwamiti ya ɗora min in rubuta. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun ma'aji, zai karanta shi ranar babban taro da rasit ɗinsa a hannu, ni nawa bayanin aiki ne kawai.

Rabon abinci na azumi da rabon barguna lokacin hunturu sun gudana kamar kullum, iyayenmu mata ne suka riƙe girki, samari suka riƙe kai wa cikin dare a bakin babbar kasuwa da tashoshin mota da rumfunan da ke gefen Mayo Kaliyawo. Allah ya saka wa kowa. Ba zan tsaya a nan ba tunda kowa ya gani da idonsa.

Inda nake so mu daɗe shi ne maganar takardu. Kun tuna a taron ƙarshen 2024 aka yanke cewa tunda 2025 shekarar zaɓen shugaban ƙasar Kamaru ce zamu sa hannu mu taimaka wa mutanenmu marasa muhalli su samu katin zaɓe, kuma ba kowa ne ya so ba, akwai dattijon da ya ce wanda bai ci na dare ba me zai yi da ƙuri'a, a cika masa ciki tukuna. Maganarsa da nauyi, ban raina ta ba. Amma bayan shekara guda muna wannan aiki ni dai na tsaya a kan cewa takarda ma abinci ce, don wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ba ƙuri'a kaɗai ya rasa ba, ba zai sayi layin waya da sunansa ba, ba zai karɓi kuɗin da ɗan uwansa ya turo masa da kansa ba, aikin gadi ma sai an nemi kati, kuma duk shingen da ya tarar a hanya gabansa na faɗuwa.

Mun shiga aikin muna zaton matsalar a wurin rajista take. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce ɗan Kamaru da ya kai shekara 20 yana da damar shiga jerin masu zaɓe a komin ɗin, wato ƙaramar hukumar, da yake asalinsa ko inda ya zauna aƙalla wata 6, kuma hukumar zaɓe ELECAM na buɗe rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta kowace shekara, kyauta. Babu inda dokar ta ce sai kana da gida naka ko kana biyan haya. To amma rajista na tafiya da katin ɗan ƙasa, ranar zaɓe ma da shi zaka nuna kai ne, katin ɗan ƙasa kuma ba ya fita sai da takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da kotu ke bayarwa, ita ma wannan ɗin sai da takardar haihuwa. Kun ga kenan duk hanya a takardar haihuwa take ƙarewa, kuma mafi yawan mutanen da muka zauna da su ba su da ita, wasu ba a taɓa yi musu ba tun farko, wasu kuma an yi ta salwanta.

Waɗanda ta salwantar musu labarinsu kun san shi. Tun 2014 da Boko Haram ta tsananta a bakin iyaka mutanen Amcide da Kerawa da Kolofata da Fotokol da ƙauyukan Mayo Tsanaga suka yi ta kwararowa, wanda aka tasa cikin dare yana goye da yaro ba ya komawa ɗaki neman leda mai takardu. Sai rikicin Logon Birni na 2021 tsakanin Larabawa Shuwa da Musgum a kan ruwa, wanda ya kai har Kuseri a watan Disamba, dubban mutane suka tsallaka Cadi wasu suka gangaro kudu. Sai ambaliyar 2024 da ta shafi mutum sama da dubu 300 a jiharmu ta Arewa Mai Nisa, musamman Mayo Danai da Logon da Shari, har gadar Yagwa ta karye. Wata baiwar Allah daga can ta kawo mana takardun iyalinta duka a ƙulle a zani, sun jiƙe sun manne sun zama dunƙule ɗaya, da ƙyar muka iya karanta sunan gari a jikin guda, amma wannan sunan garin ne ya taimaka aka gano inda rajistar take. Wanda aka taɓa yi wa kuma littafin meri, wato ofishin magajin gari, yana nan, sauƙi gare shi, kwafi za a ciro. Wahalar na wurin wanda littafin ya ƙone ko ruwa ya ci, da wanda ba a taɓa rubuta shi ba sam.

Shi wannan sai kotu, abin da ake cewa jujma supiletif. Zaka fara da takardar meri da ke nuna babu sunanka a littafi, sai likita ya duba ka ya kimanta shekarunka, sai shaidu da suka san haihuwarka, sannan alƙali ya yanke, a koma meri a rubuta. Kuma ba a kotun da kake so ake yi ba, a ta yankin da aka haife ka. Ɗan Kolofata da ke kwana a tashar Marwa sai ya koma Mora, kusan kilomita 60, shi da shaidunsa, ɗan Makari ko Fotokol kuwa sai can Logon da Shari, kuma duk wanda ya bi hanyar Mora zuwa Dabanga ya san abin da nake nufi. A nan kuɗin ƙungiya ya fi tafiya bana, kuɗin mota da tambur, wato kan sarki, da abincin shaidu, don shaida ma talaka ne ya bar dakonsa na yini ya bi ka. Akwai dosiyoyi, wato fayilolin mutane, da suka tsaya cik saboda duk wanda zai yi shaida ko ya rasu ko ya watse ba a san inda yake ba. Samarin da suka taso a makarantar allo tun suna ƙanana aka kawo su, malamin ya rasu ko ya tashi, wasu sunan ƙauyensu kawai suka riƙe, waɗannan sun fi tsaya min a rai wallahi, an haife su a ƙasar nan sun girma a kan titunanta suna mata dako, kuma a takarda babu su.

A watan Fabrairu aka fara sabon tsarin katin ɗan ƙasa. Gaskiya in an cika sharaɗi yana fita da wuri, ba kamar da ba da mutum zai yi shekaru da resepise, takardar wucin gadi, ana ta buga masa hatimin ƙarin wa'adi, kuma sabon na shekara 15 ne. Amma kuɗinsa ya tashi daga sefa 2,800 zuwa 10,000, kuma sai an fara cike bayani ta intanet an biya ta waya an karɓi ranar zuwa. Jaka goma ga mai tura baro ba ƙaramin abu ba ne, balle wanda ko ƙaramar waya ba shi da ita. Dan haka muka ware yamma biyu a mako, ƙannenmu ɗaliban jami'a suna zama da wayoyinsu da kwamfutar da wani ɗan ƙungiya ya ara mana suna cike wa mutane. Sun yi ƙoƙari sosai, ba a biya su ko sisi ba, data ma sau da yawa daga aljihunsu.

Maganar adireshi ita ma ta ba mu aiki. Mutum ya shekara uku yana kwana a rumfa ɗaya, kowa a unguwar ya san shi, amma in aka ce ina gidanka sai ya yi shiru. Mun bi masu unguwa, jauro-jauro da lawanai, muna gaisuwa muna bayani, da yawansu sun karɓe mu hannu biyu suka yarda su shaida cewa wane mazaunin unguwarsu ne. Wasu sun ƙi, suna tsoron kar su sa hannu wa wanda ba su san asalinsa ba a wannan zamani na rashin tsaro, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Sai dai ina so 'yan ƙungiya su riƙe wannan su riƙa faɗa a duk inda suka zauna: ɗan gudun hijira na cikin gida ɗan ƙasa ne cikakke, ba ɗaya yake da 'yan uwanmu na Najeriya da ke sansanin Minawawo ba, waɗanda su baƙi ne ba sa zaɓe a nan. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 wadda Kamaru ta shiga ta ɗora wa gwamnatoci su sake ba wanda ya rasa muhalli takardunsa ba tare da an tilasta masa komawa inda ya gudo ba, kuma su tabbatar ya iya zaɓe.

Sai ranar 11 ga Yuli aka fitar da dokar kiran masu zaɓe, kuma a doka daga ranar rajista ta tsaya, ba a jira 31 ga Agusta ba. Mutane da dama katinsu na ɗan ƙasa ya fito bayan nan, wasu da 'yan kwanaki kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin da ke bin kotu da meri da likita ba na wata shida ba ne. Waɗanda suka samu shiga, ranar 12 ga Oktoba mun raka tsofaffi da masu lalura rumfunansu na zaɓe, wasu ba su karɓi katin zaɓen ba tukuna muka nuna musu cewa in sunanka na jerin rumfar kuma kana da katin ɗan ƙasa kwamitin rumfa na iya barinka ka jefa. Bayan zaɓe da gari ya ɗau zafi mun dakatar da fitar dare na wani lokaci saboda lafiyar samarinmu.

Abu guda da kwamiti ya ce lallai in rubuta. Kafin a rufe rajista an zo mana da tayin kuɗi masu kauri, a biya wa mutanenmu kati, da sharaɗin mu miƙa sunayensu da lambobin katunansu kuma ranar zaɓe mu kwaso su a mota. Mun ƙi, baki ɗaya. Na san akwai waɗanda suka ji haushi suna ganin da an karɓa da mutane da yawa sun samu, amma a cikinmu akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma ba mu ɗauko mutum daga rumfa don mu sayar da shi ba. Ba mu tambayi ko mutum ɗaya wa ya zaɓa ba.

Wani abin da bai ci kuɗi ba amma ya yi amfani shi ne akwatin ƙarfe da muka ajiye da kwaɗo a ɗakin da liman ya ba mu aro. Mai kwanan waje ko ya samu takarda ba ta daɗewa, ruwan sama ko ɓarawo ko samamen dare, dan haka duk wanda ya yarda muna ajiye masa takardar haihuwa ta asali mu ba shi kwafi a leda, muna kuma ɗaukar hotonta. Mutum biyu ne ke riƙe da makulli, akwai littafi da ake sa hannu ko dangwale.

Na 2026, zaɓen 'yan majalisa da na kansiloli na gaba, kuma shi ma da zarar an kira masu zaɓe rajista zata rufe, dan haka duk wanda katinsa ya fito bayan Yuli zamu kai shi tun makon farko na Janairu. Kwamiti na neman amincewarku a ware kaso na kuɗin wata-wata don dosiyoyin kotu kaɗai, kar a taɓa shi ko da azumi. Zamu rubuta wa masu gari da hukumomi roƙon a ƙara zaman kotun tafi-da-gidanka kusa da inda 'yan gudun hijira suke, don shi ne ke rage kuɗin mota da wahalar shaidu. Muna kuma buƙatar mata aƙalla biyu a kwamitin takardu, saboda zawarawa da yawa ba sa sakin jiki su yi bayani gaban maza, da wanda ke jin Kanuri ko Mandara ko Larabcin Shuwa, don Hausa da Fulatancinmu ba sa isa ko'ina. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin ranar taro, waɗanda ake bi kuɗin wata kuma dan Allah a kawo kafin ma'aji ya rufe littafi.

Wassalamu alaikum.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti